Yadda Ake Zaɓen Oba-oba Don Gonar Gandu

A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar 'yan bindiga, ba a kuma maido da su ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Tsakiyar kaka ke nan: ana karyar masara, ana yankan shinkafa, gida kaf yana wuni a daji, waya kuma tana aljihu ba ta tsinana komai sai haska hanya. Ko babu umarnin gwamnati ma, duk mai noma a fadamun Giwa, Igabi, Kajuru ko Kachia ya san daidai inda sabis yake ƙarewa. Kana gangarawa kwari, sandar ƙarshe ta ɓace.

Nan ne oba-oba, wato rediyon hannu da ake magana da juna da shi, take da rana. Ba ruwanta da turken kamfani, ba kati, ba data, ba jiran a ɗauka. Ka danna maɓalli ka yi magana, duk wanda ke tasha ɗaya da kai ya ji a lokaci guda: Baba a gida, Yaya a bakin rafi, yaron da ke kiwo a bayan tudu. Idan kububuwa ta sari wani, ko bel ɗin injin casa ya kama hannu, ko wutar daji ta doso tarin dawa, ko aka hangi baƙin babura a kan burtali, saurin isar labari shi ne komai. Sai dai a san iyakarta tun yanzu. Naka kawai take kira. Ba ta kiran asibiti, ba ta kiran 112, lambar kiran gaggawa. Aikinta ta kai labari ga wanda yake inda akwai sabis da abin hawa.

Mataki na farko: auna gona tukuna

Kafin ka nufi Kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan kan Ahmadu Bello Way, samu takarda ka zana gonarka, ko da zanen ɗan firamare ne. Sa gida, sa bukkar gona, sa inda injin ban ruwa yake, sa garke, sa iyakar da ta fi kowacce nisa. Sannan ka auna tazara biyu: faɗin gonar kanta, da nisanta daga gida.

Ta farkon ba ta cika ba da wahala ba. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Gona mai hekta 10, in dunƙulalliya ce, daga kusurwa zuwa kusurwa ba ta kai rabin kilomita ba, kuma kowace oba-oba mai lafiya za ta ratsa wannan. Ta biyun ce ke kayar da mutane. Gonar gandu ba kasafai take wuri ɗaya ba: jigawa a nan, fadama a can, gida kuma a cikin gari. Hau babur ka duba mitarsa daga ƙofar gida zuwa kowacce, ko ka auna a Google Maps ranar da kake da data. Hanya tana lanƙwasa, saƙon rediyo kuwa yanke yake bi, don haka nisan taswira ya fi na babur gaskiya.

Rubuta kuma abin da ke tsakani, don ya fi nisan kansa tasiri: tudu, dutse, kurmi, gonar rake, lambun mangwaro, unguwa mai rufin kwano. Sai ƙirga hannuwa. Ɗaya dole ta zauna a gida wurin wanda ba ya fita, galibi uwargida. Ɗaya ga kowane rukunin da ke aiki a ware. Ɗaya ta ajiya. Huɗu ko biyar sukan ishi gida guda.

Mataki na biyu: kada kilomitan kwali su ruɗe ka

Za ka ga kwali an rubuta kilomita 10, wani 16, wani har 50. Ba a gonarka aka auna su ba. Irin wannan saƙo tafiyarsa kusan irin ta hasken tocila ce: yana bin miƙe, abin da ya tare shi ya rage masa ƙarfi ko ya kashe shi. In mutum ya hau Dutsen Kufena a Zariya, wani ya hau tsaunin da suke hangen juna, ƙaramar oba-oba ma za ta ba su mamaki. Amma mutum a tsaye a ƙasa, eriyarsa a daidai kunne, wajen mita ɗaya da rabi, lanƙwasar duniya kaɗai ta yanke masa hange a kusan kilomita 5, tun ba a sa itatuwa da tuddai a lissafi ba. In an sa su, abin da za ka sa rai tsakanin ta hannu da ta hannu kilomita 1 zuwa 3 ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A kurmi ko cikin kwari bai kai haka ba.

Mai shago zai ce maka, "Alhaji, ɗauki wannan, wat takwas ce, daga nan har Kujama za ta kai." Ka yi murmushi kawai. Ninka wat, wato ƙarfin aika saƙo, sau biyu ba ya ninka nisa sau biyu. Ko a sarari fetal sai an ninka ƙarfi sau huɗu, a ƙasa mai ciyayi kuwa sai fiye da haka nesa ba kusa ba. Abin da ƙarin wat ke ninkawa ba makawa shi ne shan batir. A masu arahar nan kuma, wat ɗin da ke kwali daban, wanda ke fitowa daga eriya daban.

Maganin nisa tsayi ne, kuma shi ya fi araha. Wanda ya kasa samun gida daga cikin kunya, ya taka suri ko ya hau bayan amalanke, sai ka ji magana raɗau. Eriyar waje da aka ɗaura a gida a kan gora ko bututun ƙarfe mai tsawon mita 9, hangenta ya kai kilomita 12. Saboda haka in gonarka ta wuce kilomita 3 daga gida, kuɗin da za ka ƙara don neman wat ka zuba su a eriyar gida da wayarta mai kauri. Wayar kada ta yi tsawon banza, don ita ma tana cin saƙo tun bai kai sama ba.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda masu sayarwa ba sa kawowa don ba noma suke ba. Gonar watan Maris, an girbe, an kwashe kara, ba ita ce gonar Agusta ba, lokacin da masara ta shanye tsawon mutum, dawa ta fi ta, ganye kuma ya jiƙe sharkaf. Ɗanyen ganye yana shanye saƙo. A wannan lokacin ne kuma aka fi bukatar na'urar, tunda mutum zai iya faɗuwa kunya goma daga inda kake ba ka gan shi ba. In da rani ka saya, sai ka ga tana kaiwa da rara kafin ka yarda da ita.

Mataki na uku: UHF ko VHF

Zango biyu ne a kasuwa. VHF yana tsakanin megahaz 136 da 174, UHF kuma daga 400 zuwa wajen 470. VHF ya fi jure fili da ganye, amma yana son doguwar eriya, wajen rabin mita, kafin ya nuna bajintarsa. UHF ya fi kutsawa tsakanin gine-gine, eriyar da ta dace da shi kuma wajen santimita 17 ce kawai, wato gajeriyar robar da ke zuwa da na'urar ta kusa isarsa. Ga gona ƙarama da gida a cikin unguwa, ni UHF nake ba da shawara. Mai faffaɗar gona a dajin Birnin Gwari ko Kachia, mai shirin sa eriyar waje, shi ne zai duba VHF. Abu ɗaya dai: mai UHF zalla ba ta jin mai VHF zalla, ko kamfaninsu ɗaya.

Mataki na huɗu: doka, da idon jami'an tsaro

Wannan mataki mutane suke tsallakewa, shi ne kuma mai iya kai mutum bayan kanta. Zangon rediyo mallakar gwamnatin tarayya ne. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ita ke ba da lasisi da lambar zango ga masu amfani da rediyo don aikin kansu. In ka ga kwali ya ce ba a bukatar lasisi, duba wace ƙasa yake nufi. PMR446 tsarin Turai ne, mai rabin wat a kan megahaz 446. FRS na Amurka ne, mai kaiwa wat 2. Sassaucin can ne, ba ya biyo kwali ya shigo Najeriya. Tambayi dillalin ko samfurin yana da shaidar NCC, ka kuma nemi bayanin lasisi daga ma'aikatar kafin ka sayi mai ƙarfi. In kuna da ƙungiyar manoma, ku nema da sunanta, ya fi sauƙi a kan kowa ya bi nasa.

Kaduna garin barikoki ne. Ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya, ga sansanin sojan sama a Mando, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga Jaji, ga filin jirgi. Na'urar da ake buga mata lamba da hannu tana iya faɗawa kan zangon da ba naka ba, ko ɗanka ya faɗa yana wasa. Kada ka yi magana a kan lambar da ba a ba ka ba, kada kuma ka mayar da sauraron jami'ai abin hira a majalisa.

Sai batun zato. A halin da ake ciki, soja ya tsayar da mutum a hanyar daji ya laluba ya ciro oba-oba daga aljihunsa, tunaninsa na farko ba noma ba ne. Ka riga zato isa. Je wurin mai unguwa ko dagaci, "Ranka ya daɗe, ga abin da muka saya don gona, ga guda nawa ne." Ka sanar da DPO na yankinku da shugaban 'yan sintiri, ka nuna rasit. Ka ɗauki hoton rasit ɗin a waya, kwafi kuma ya zauna ƙarƙashin kujerar babur. A shingen bincike kai za ka fara faɗa, kada ka bari a gano. Wajen launi ma a yi hankali: bar mai zanen kakin soja a shago, ɗauki ruwan ɗorawa ko ruwan lemo in akwai. Ko ta faɗi cikin ciyawa an fi saurin ganin ta.

Mataki na biyar: wace iri?

Mizanina ɗaya ne: wadda Inna za ta iya kunnawa ba tare da ta kira jikanta ba, yaro ɗan shekara goma kuma ba zai iya ɓata saitinta ba.

Da wannan mizani, masu murɗi biyu ne a gaba, ɗaya na ƙara ɗaya na tasha, ba allo ba lambobi. Baofeng BF-888S ita ta cika kasuwa: UHF ce, tasha 16, da 'yar tocila a ka. Aibinta shi ne dukansu da lambobin zango iri ɗaya suke fitowa daga kamfani, don haka maigadin otal da ɗan kwamitin biki da kowa ma a tasha ɗaya suke da kai, lambobin kuma ba naka ba ne. Sai an saita ta da kebul da kwamfuta. Akwai manhaja kyauta mai suna CHIRP da masu gyara ke amfani da ita.

Baofeng UV-5R tana da zango biyun duka, tasha 128, allo da lambobi. Samari sun fi son ta. A gona kuwa yawan maɓallanta ne matsalarta: gwiwar hannu ta taɓa ɗaya, mutum ya wuni a wata tasha yana zaton gida ne suka yi shiru. Tana kuma kama gidajen rediyon FM, ka san inda batirin mai kiwo zai ƙare. In ita ka samu, a kulle maɓallan, a bar ta ta zama ta gida mai eriyar waje.

Ƙananan Motorola Talkabout masu rabin wat suna da sauƙi da ƙarko, sun isa cikin gona, amma eriyarsu ba ta cirewa, ba kuma za su haɗa ka da gida mai nisa ba. Manyan Motorola, Kenwood, Icom da Hytera na 'yan kwangila su ne masu jure faɗuwa da ruwa, kuɗinsu ma haka, jabunsu kuma ya yi yawa.

Akwai wata da ake tallatawa wai tana kaiwa ko'ina a Najeriya. Buɗe bayanta, za ka ga gurbin SIM. Waya ce a rigar oba-oba, da data take aiki. Inda sabis ya mutu ita ma ta mutu, wato ba ta magance abin da ya kai ka kasuwa ba.

Mataki na shida: batir, ƙura da ruwa

Awoyin da kamfani ke rubutawa an lissafa su ne a kan kashi 5 magana, kashi 5 sauraro, kashi 90 jira. Gidan masu surutu ba zai ga waɗannan awoyi ba. Kada kuma lambar mAh, wato ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, ta yaudare ka: batirin BF-888S mai 1500 a kan bolt 3.7 yake, na UV-5R mai 1800 a kan 7.4, wato na biyun ya ninka na farkon da ɗoriya. Sayi batirin canji ga duk wadda za ta wuni a daji.

Tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, nemi mai caji ta USB, yadda ƙaramin farantin sola ko fawa banki zai wadatar. Kada a bar batir a rana ko a ƙarƙashin kwano da bazara. Wanda ya kumbura ya gama aiki, a raba shi da ɗakin kwana.

A jikin wasu za ka ga IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IP54 tana jure ƙurar hunturu da yayyafi. IP67 ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure nutsewa mita ɗaya na minti 30. Mai noman shinkafa a fadama ita ce tasa in aljihu ya yarda. Masu arahar da na ambata ba su da wannan kariya. Ledar da aka ɗaure a wuyan eriya tana rage ɓarna, magana kuma tana ratsa ta.

Mataki na bakwai: a shago, sannan a gona

Saye su duka samfuri ɗaya, don batir da caja su riƙa shiga juna. Farashi yana bin dala, taka shago uku kafin ka ciro kuɗi. Cire batirin kowacce ka duba lambar da ke ciki, a rubuta ta a rasit. Kada a danna maɓallin magana ba eriya a jiki, yana iya ƙona ta. A saita su a gabanka, a rubuta maka lambobin. A kashe muryar da ke sanar da tasha da ƙarar da ke biyo bayan magana, a kuma kashe VOX, wato saitin da ke sa ta aika sauti da kanta, in ba haka ba ƙarar injin ban ruwa za ta riƙe tashar wuni guda. Ku yi magana a kan mayarwa in ba ta kai ba, tun kuɗi suna hannunka.

Gwajin gaskiya a gona yake. Bar ɗaya a gida inda za ta riƙa zama, ɗauki ɗaya da zanen nan naka ka zaga. A kowace kusurwa, a gindin kwari, a bayan dutse, a cikin bukka, ka kira. Riƙe ta a tsaye, eriya sama, ɗan nesa da baki, ka danna ka ɗan dakata kafin ka fara, don kalmar farko takan yanke. Inda ba a ji ba ka yi alama, sannan ka nemi wuri mafi kusa da ake ji, gindin ɗorawar can ko kan surin nan, ka nuna wa kowa har yara. In ka sa eriyar waje, a kafa mata ƙarfen da zai kai tsawa ƙasa, kuma da hadari ya haɗo a zare wayarta daga na'urar.

Mataki na takwas: ƙa'idar gida

Oba-oba ba ta da sirri. Lambobin nan 121 da kwali ke kira na sirri, hana ka jin surutun wasu kawai suke yi. Wanda bai sa su ba yana jin ka tsaf. Don haka ba a faɗin an sayar da masara buhu kaza, ba a faɗin yawan shanu, ba a faɗin maigida zai tafi kasuwar Saminaka gobe. A yi kira da lamba ko da sunan zumunci, ban da cikakken suna.

Kiran gaggawa abu huɗu ne a jere: wane ne, ina, me ya faru, me ake so. In ka gama taka maganar ka ce "oba", wato saura kai.

"Baba, Baba, Uku ne. Kuna ji na? Oba."

"Ina ji, faɗi. Oba."

"Muna wurin injin. Maciji ya sari Auta a ƙafa. A kawo babur. Oba."

"Na ji. Kada ku tsaga, kada ku ɗaure tamau, kada ya taka. Ga yayanku nan tafe. Oba."

Na gida shi zai kira asibiti ko 112 da waya, shi ya sa ta gida take zama kusa da waya mai caji da kati.

Maganar baƙin fuska kuwa ba a yin ta a fili. Ku zaɓi wata jimla ta yau da kullum da ku kaɗai kuka san ma'anarta, ku yanke tun a gida abin da za a yi in an ji ta: a ajiye aiki, a bi ta ina, a haɗu a ina. Wanda ya ɓuya a cikin dawa ya murɗe ƙarar ƙasa ko ya sa abin kunne, na gida kuma kada ya yi ta kiran sa, don na'urar da ta ɓarke da magana a aljihu tona asiri take. Shi zai kira in ya samu sarari.

Ku ɗaura lokutan jin juna a kan salla, don ba a mantawa: da isa gona, da azahar, da la'asar, da tashi. Wanda aka kira sau biyu a tsakanin minti goma bai amsa ba, a bi sawunsa, mutum biyu, ɗaya riƙe da oba-oba, gida kuma ya san sun tafi. Da dare kowace na'ura ta dawo kan cajarta a ƙirga. In ɗaya ta ɓata ko aka ƙwace ta, a ranar za a koma wata tasha da kuka tanada don irin wannan rana, a sauya jimlar, a kai lambarta ofishin 'yan sanda da rasit, sannan a kai sauran wurin mai saiti.